Dokar hana halatta kuɗin haram da halin da bankunan ƙasashe masu tasowa ke ciki

Wani ɗalibi da ke shirin rubuta kundin kammala digirinsa ya tambaye ni: shin dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram amfanar bankunan kasuwanci suke yi a ƙasa mai tasowa, ko nauyi kawai suke ɗora musu? Ya ce duk littafin da ya buɗe yabon dokar yake yi, amma yayansa da ke aikin banki kullum kuka yake da ita, har ya rasa wa zai gaskata.

Malam, da littattafan da yayan naka babu wanda ya yi maka ƙarya. Na yi shekaru a sashen bin ƙa'ida na wani bankin kasuwanci, kuma abin da zan so ka fara riƙewa shi ne wannan: a ƙasa mai tasowa, wanda banki ya fi tsoro a kan wannan doka yana zaune ne a New York ko Landan. Babban bankin ƙasa yana iya cin ka tara, ka biya, gari ya waye ka buɗe ƙofa. Bankin da ke riƙe maka asusun dala a waje kuwa, idan ya sallame ka, cinikinka da duniya ya tsaya. Kusan duk abin da yayanka yake kuka da shi daga nan ya samo asali.

Halatta kuɗin haram dai ka san shi. Mutum ya samu kuɗi ta hanyar cin hanci, ko fataucin ƙwaya, ko fansar garkuwa, yana so ya ci su ba tare da an tambaye shi ba. Sai ya cusa su banki, ya yi ta juya su daga wannan asusu zuwa wancan, daga wannan kamfani zuwa wancan, har sawun ya ɓace, sannan su dawo masa da sunan ribar kasuwanci ko kuɗin sayar da gida. Banki ne mashigar, shi ya sa aka ɗora masa aikin gadi.

Masu tsara ƙa'idar su ne hukumar FATF, wadda ƙasashen G7 suka kafa a taronsu na Paris a 1989, lokacin da damuwarsu ita ce kuɗin ƙwaya. A 1990 ta fitar da shawarwari 40. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka ƙara batun ɗaukar nauyin ta'addanci, a 2012 kuma aka haɗe komai wuri guda. Mambobinta kusan 40 ne, galibinsu masu arziki, kuma shekara da shekaru Afirka ta Kudu ce kaɗai mai cikakkiyar kujera daga nahiyar Afirka. Sauran ƙasashe suna ƙarƙashin ƙungiyoyin yanki ne, irin su GIABA ta Afirka ta Yamma mai hedikwata a Dakar, da ESAAMLG ta gabashi da kudancin Afirka. FATF ba ta da kotu, ba ta da 'yan sanda, kuma abin da take fitarwa sunansa shawara. Duk da haka da wuya ka samu ƙasar da ta ƙi mayar da shawarar doka, domin wanda ya ƙi, bankunan duniya za su juya masa baya.

Bari in nuna maka yadda hakan ke faruwa, don nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. A ce ɗan kasuwa a ƙasa mai tasowa zai biya dala dubu ɗari ga masana'anta a Sin. Bankinsa ba ya buga dala, ba ya cikin tsarin biyan kuɗi na Amurka. Abin da yake da shi asusu ne a wani babban banki a New York, wanda ke yi masa wakilci. Sai ya aika saƙo ta SWIFT, hanyar sadarwar da bankunan duniya ke aika wa juna umarnin biyan kuɗi, wakilin ya cire kuɗin daga asusunsa ya tura wa wakilin bankin Sin. Mai saye da mai sayarwa babu wanda ya taɓa taka Amurka, amma kuɗinsu sun ratsa ta cikinta, don haka dokar Amurka ta hau kansu. Wakilin nan bai san ɗan kasuwar ba, bai ga fuskarsa ba. Amana ya ɗauka cewa bankin gida ya yi bincike. Idan daga baya ta bayyana kuɗin na haram ne, hukumomin Amurka wakilin za su kama.

Kuma sun kama. A 2012 bankin HSBC ya biya kusan dala biliyan 1.9, saboda, cikin wasu laifuka, kuɗin gungun masu fataucin ƙwaya na Meksiko sun bi ta cikinsa. A 2014 BNP Paribas na Faransa ya biya kusan dala biliyan 8.9. Nasa laifin karya takunkumin Sudan da Iran da Kuba ne, amma a cikin banki sashe ɗaya ne ke kula da takunkumi da halatta kuɗin haram, kuma darasi ɗaya aka ɗauka. Manyan bankuna suka zauna suka yi lissafi. Ƙaramin banki a ƙasa mai tasowa, abin da yake kawo musu a shekara bai taka kara ya karya ba. Kuɗin sa masa ido kuwa yana ta hauhawa, ga kuma tarar da kuskure ɗaya zai iya jawowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai suka fara rufe asusu, ba tare da sun zargi kowa da komai ba. Wasiƙa ce kawai take zuwa, a ce an sake duba tsarin kasuwanci, an ba ka kwana kaza ka kwashe kuɗinka.

A 2015 Bank of America ya yanke hulɗa da Belize Bank, ɗaya daga cikin manyan bankunan Belize, kuma ƙasashen Karibiyan da dama sun ɗanɗana irin haka a shekarun nan. Somaliya ta fi kowa jin jiki. A 2013 Barclays ya sanar da rufe asusun kamfanonin aika kuɗi kusan 250 a Birtaniya, ciki har da Dahabshiil, wanda Somaliyawa mazauna waje ke bi ta kansa su ciyar da iyalansu. Sai da kamfanin ya je kotu ya samu umarnin dakatarwa. A 2015 Merchants Bank na Kalifoniya, wanda ya rage yana ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin da ake aikawa Somaliya daga Amurka, shi ma ya janye. Alƙaluman bankin BIS na Basel, mahaɗar manyan bankunan ƙasashe, sun nuna cewa tsakanin 2011 da 2018 yawan irin wannan hulɗar wakilci ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar a duniya, alhali yawan kuɗin da ake turawa ƙaruwa ya yi. Ma'ana kaya sun ƙaru, jakuna sun ragu. Bankin da a da yake da wakilai huɗu ya koma yana da ɗaya ko biyu, kuma wanda ya rage masa ɗaya, duk abin da ɗayan ya ce shi ne doka.

FATF ta fito a 2016 ta ce ita ba ta buƙaci wakili ya san kwastoman kwastomansa ba, kuma rufe asusun jama'a a dunƙule ba shi ne manufarta ba. An ji, amma ba ita ke cin tara ba, don haka ba a canja da yawa ba.

Yadda abin yake a teburinmu kuwa, wata rana wani dattijo ya tura kuɗin makarantar ɗansa ƙasar waje, wa'adin biya saura 'yan kwanaki. Wakilinmu ya riƙe kuɗin. Saƙo ya zo: sunan mai karɓa ya yi kama da wani suna a jerin waɗanda aka sa wa takunkumi, a turo ranar haihuwa, wurin haihuwa, kwafin fasfo, takardar makaranta da bayanin alaƙar mai aikawa da mai karɓa. Sunan yaron irin sunan nan ne da za ka samu mutum goma masu shi a aji ɗaya. Wanda ake nema ya girmi mahaifinsa, kuma daga wata nahiya yake. Mun tura komai a yini guda, amma sai da aka kwashe fiye da mako kafin a saki kuɗin. Dattijon kullum da safe yana zaune a kujerar da ke gaban ofishina, hularsa a gwiwa, yana tambayata cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, laifin me yaron nan ya yi?” Ni kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da shi. Manhajar tace sunaye ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Mamadou da Mehmet asali ɗaya ne da miliyoyin mutane ke amsawa ba, ita dai ta ga kama ta ɗaga tuta. Ƙasashen da sunayensu ke da tushen Larabci, kuma ake rubuta su da boko ta hanyoyi biyar, su suka fi shan wannan wahala.

To, mu shigo cikin bankin kansa. Farillar farko ita ce sanin kwastoma: wane ne shi, ina yake zaune, me yake yi, daga ina kuɗinsa ke fitowa. A ƙasar da kowa ke da katin shaida, kowane gida ke da lamba, kowane albashi ke bi ta banki, wannan aikin minti biyar ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutane kusan miliyan 850 ba su da wata takardar shaida ta hukuma, akasarinsu a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. A shekarar dai binciken Findex na Bankin Duniya ya nuna manya kusan biliyan 1.4 ba su da asusu. Ka ce wa mutumin da ke haya a ɗaki ɗaya, a unguwar da layukanta ba su da suna, ya kawo takardar biyan kuɗin wuta mai sunansa. Ka ce wa matar da ba a taɓa yi mata takardar haihuwa ba ta kawo shaida. Ba za su yi gardama da kai ba, juyawa za su yi su tafi, kuɗinsu su ci gaba da zama a ƙarƙashin katifa, inda babu idon kowa. Dokar da aka yi don a ga kuɗi ta kori kuɗin zuwa duhu.

Na biyu sa ido a kan shige da ficen kuɗi. Bankuna suna sayen manhajar da ke ɗaga tuta in asusu ya yi abin da bai saba ba, kuma yawancin manhajojin an ƙera su ne da tunanin mai albashin wata-wata. Amma ɗauki dillalin amfanin gona. Asusunsa na iya yin barci wata takwas, da kaka ta yi sai tsabar kuɗi su yi ta shiga daga garuruwa daban-daban, su fice cikin kwana biyu. A idon manhaja wannan shi ne hoton mai halatta kuɗin haram. A idon wanda ya san tattalin arzikin da ke tafiya da tsabar kuɗi da yanayin shekara, sana'a ce kawai. Sai ka ga ma'aikata huɗu ko biyar a gaban tulin tutoci, mafi yawansu na banza, suna rufe su ɗaya bayan ɗaya har ido ya gaji. Ranar da ta gasken ta zo, tana iya wucewa a cikin cunkoson.

Kuɗin duk wannan ba kaɗan ba ne. Lasisin manhaja da jerin sunayen takunkumi da dala ake biyansu, banki kuwa da kuɗin gida yake samun riba, don haka duk lokacin da darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, bin ƙa'ida ya ƙara tsada ko da ba a ƙara ko harafi ɗaya a doka ba. Kuma nauyin bai san girma ba. Banki mai rassa 20 yana buƙatar kusan irin tsarin da mai rassa 500 yake buƙata. Babba ya raba kuɗin a kan miliyoyin kwastomomi, ƙarami ya rasa inda zai raba. Ka horar da ma'aikaci shekara uku, da ya goge sai bankin da ya fi naka girma ya ninka masa albashi ya ɗauke shi. A ƙarshe kwastoma ne ke biya, ta hanyar cajin tura kuɗi da na buɗe takardar lamunin shigo da kaya.

Na uku rahoton zargi. Idan banki ya ga abin da bai kwanta masa ba, dole ya kai rahoto ga sashen tattara bayanan sirri kan kuɗi na ƙasa, kuma laifi ne ya tsegunta wa kwastoma cewa an kai shi. Takardu kuma a adana su aƙalla shekara biyar. A aikace abin da na gani shi ne rahoton kare kai. Ba a taɓa hukunta jami'i don ya kai rahoto da yawa ba, amma ana hukunta shi in ya rasa kai guda ɗaya, to me zai hana shi kai duk abin da ya motsa? Sashen da ke karɓa kuma sau da yawa ma'aikatansa kaɗan ne, kasafinsa ƙarami. A shekarun da na yi, rahotannin da aka dawo mana da bayani a kansu zan iya ƙirga su da yatsu. Kana jefa dutse a rijiya, ba ka jin ƙarar faɗuwarsa.

Yanzu ga wurin da nake so ka daɗe a kansa a kundinka, domin littattafai suna wucewa da sauri. Shawara ta 12 ta FATF ta ce a ƙara tsananta bincike a kan masu riƙe da madafun iko, da iyalansu da makusantansu. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da ƙasa mai tasowa, tunda babban kuɗin haram a irin waɗannan ƙasashe yawanci na baitulmali ne. Amma duba yadda kasuwar take. Gwamnati da hukumominta da 'yan kwangilarta su ne manyan masu ajiya. Manajan reshe an ɗora masa adadin ajiyar da zai kawo kafin ƙarshen wata, in bai kawo ba kujerarsa na rawa. Wani lokaci mai madafun ikon da kansa yana da hannun jari a bankin, ko surukinsa na cikin daraktoci. Na taɓa riƙe buɗe asusun wani kamfani da aka yi wa rajista wata biyu kafin nan, daraktocinsa direba da mai aikin gida, ga shi ana jiran kuɗin kwangila masu nauyi su faɗo. Na nemi a faɗa mini ainihin mai kamfanin. Kafin la'asar wayata ta yi ƙara sau uku daga sama, kowa na cewa, “Mutuminmu ne, mun san shi.” Asusun bai buɗu a hannuna ba. Bayan 'yan makonni na ji ya buɗu a wani bankin da ke tsallaken titi. A wannan makon ne kuma muka mayar da wata mai ƙaramar sana'a gida sau biyu saboda adireshin da ke katinta ya saɓa da wanda ta rubuta a fom. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ka ɗauka wannan ciwon na ƙasashe matalauta ne kaɗai. A 2001 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta binciki asusun da ke da alaƙa da iyalan Janar Sani Abacha, ta gano kusan dala biliyan 1.3 sun ratsa bankuna 23 a can, 15 daga cikinsu da manyan giɓi a tsarin bincikensu. Reshen Danske Bank na Estoniya ya ga kusan yuro biliyan 200 na baƙi sun wuce ta cikinsa tsakanin 2007 da 2015, da yawansu abin zargi. Kuɗin sata daga ƙasa mai tasowa ba ya son zama a gida, inda darajar kuɗi ke faɗuwa kuma gwamnati ke iya canjawa. Inda yake kwana shi ne wuraren da ke turo mana takardar tambayoyi. Wannan abu yana ci wa ma'aikatan bankunanmu rai, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai jerin ƙasashen da FATF ke sa wa ido, wanda ake kira jeri mai launin toka. Pakistan ta zauna a ciki daga 2018 zuwa 2022. Nijeriya da Afirka ta Kudu sun shiga a Fabrairun 2023, suka fita a Oktoban 2025 tare da Mozambik da Burkina Faso. Kenya ta shiga a 2024. FATF tana cewa ita ba ta umarci kowa ya tsananta wa ƙasar da ke jerin ba, amma Tarayyar Turai tana da nata jerin da ke bin sawun na FATF, kuma dokarta ta wajabta ƙarin bincike. Washegarin sanarwa, makin haɗarin ƙasar ya tashi a kwamfutocin bankunan duniya. Tura kuɗi ya ƙara jinkiri, tabbatar da takardar lamuni ya ƙara tsada, masu ba da bashi na waje su ƙara sharuɗɗa. Wani nazari da ma'aikatan Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa shiga jerin na rage shigowar jari da kimanin kashi 7.6 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Matsakaicin lissafi ne na ƙasashe mabambanta, don haka in za ka kawo shi kada ka ɗora shi a kan ƙasa ɗaya kamar hukunci.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne dalilin shiga. Tun 2013 FATF ba ta tsayawa a kan ko an rubuta doka, tana duba ko dokar na aiki: mutum nawa aka gurfanar, nawa aka ɗaure, kadarar nawa aka ƙwace, ana sa ido a kan dillalan gidaje da lauyoyi da masu sayar da zinare ko ba a yi. Sau da yawa rahoton tantancewa yakan nuna cewa bankuna ne suka fi kowa ƙoƙari a ƙasar, raunin yana wajen masu bincike da kotuna da sauran sana'o'i. Amma in hukunci ya zo, a wuyan bankuna yake sauka, tunda su ne ke da asusu a waje.

Duk da wannan, ba zan ce maka dokar ba ta da amfani ba, kuma in ka rubuta haka malaminka zai yi daidai in ya rage maka maki. Bankin da ya yi sakaci yana iya mutuwa. Bankin FBME, wanda ke da rajista a Tanzaniya amma yawancin harkarsa a Saifurus, a 2014 hukumar FinCEN ta Amurka mai yaƙi da laifukan kuɗi ta ayyana shi a matsayin babban abin damuwa kan halatta kuɗin haram. Nan take wakilansa suka guje shi, hukumomi suka karɓe shi, a 2017 aka soke lasisinsa a Tanzaniya. A 2016, da ɓarayin intanet suka sace dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangladesh, ta wani reshen bankin RCBC na Filifins kuɗin suka bi, a asusun da aka buɗe da sunayen bogi, kuma RCBC ɗin ya sha tarar peso biliyan ɗaya. A 2018 babban bankin Kenya ya ci manyan bankuna biyar tara kan kuɗin da aka wawure daga hukumar yi wa ƙasa hidima ta matasa. Waɗannan duka abubuwa ne da sanin kwastoma na gaskiya zai iya tarewa.

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafawa ba. Bankin da ya san kwastomansa ya fi iya ba shi bashi, ya fi iya gano ɗan damfara. Lambar BVN da Nijeriya ta ɓullo da ita a 2014, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa, ta sa buɗe asusu goma da sunaye goma ya yi wuya. A Indiya tsarin lambar shaidar ɗan ƙasa ta Aadhaar ya karya kuɗin tantance sabon kwastoma warwas. Sannan ga wata riba da sai wanda ya zauna a kujerar zai gane: doka garkuwa ce ga ƙaramin ma'aikaci. A da in babban mutum ya zo da jakar kuɗi, ba ka da bakin cewa a'a. Yanzu kana iya sunkuyar da kai ka ce, “Ranka ya daɗe, ba daga ni ba ne, in na karɓa wakilinmu na waje zai rufe mana asusu.” Na yi amfani da wannan jimlar ba sau ɗaya ba, kuma ta fi duk wata huɗuba aiki.

Amma in aka auna da manufar asali, wato ƙwace kuɗin masu laifi, sakamakon bai kai wahalar ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka ya ƙiyasta a rahotonsa na 2011 cewa abin da ake kamawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin haram da ke yawo ba. Kuma babbar hanyar fitar da kuɗi daga ƙasa mai tasowa ba ta bi ta kan mai jakar tsaba. Ta takardun kaya take bi: a shigo da kayan dala dubu ɗari a rubuta dubu ɗari uku, banki ya tura, rarar ta kwanta a waje. Takardu duk sun cika, hatimi ya hau, manhaja ba ta ga komai ba. Sai jami'in da ya san farashin kayan a kasuwar duniya ne zai iya tsayawa ya ce wannan lissafi bai yi ba, kuma irinsu ba su da yawa.

Maganin da FATF ke bayarwa shi ne a auna bincike da girman haɗari, a sassauta wa ƙarami a tsananta wa babba. Wasu ƙasashe sun gwada. Meksiko a 2011 da Nijeriya a 2013 sun kawo asusu mai hawa-hawa, inda matakin farko ke buƙatar bayanai kaɗan amma da iyakar abin da zai iya shiga. A 2025 FATF ta sake gyara shawararta ta farko don ƙarfafa sassaucin a inda haɗari ya yi ƙasa. Cikas ɗin shi ne mai binciken da babban bankin ƙasa ke turowa yakan zo da jerin abubuwan da zai duba, fayil-fayil, akwai hoto ko babu, akwai takardar adireshi ko babu. Auna haɗari yana buƙatar hukunci, hukunci kuma yana iya zama kuskure, shi kuwa cika fom ba a korar mutum a kansa. Muddin mai bincike da wakilin waje suna auna banki da kaurin fayil, banki ma da shi zai auna kwastoma.

Game da kundin naka, kada ka raba takardar tambayoyi kana tambayar ma'aikata ko dokar na da tasiri, kowa zai ce eh ya sallame ka. Nemi abin da ake ƙirgawa. Wakilai nawa bankin ke da su a waje shekara goma da suka wuce, nawa suka rage. Kwana nawa tura dala ke ɗauka kafin shiga jerin FATF da bayansa. Ma'aikata nawa ne a sashen bin ƙa'ida, kuma shugabansu wa yake kai wa rahoto, kwamitin daraktoci ko manajan da ke neman ajiya. Mutum nawa suka fara buɗe asusu ba su ƙarasa ba saboda takardu. Rahoton tantancewa na ƙasar da ka zaɓa yana nan a buɗe a shafin FATF ko na ƙungiyar yankinta, ka karanta sashen bankuna ka kwatanta shi da sashen gurfanarwa. In kuma ka samu jami'in bin ƙa'ida da zai ba ka rabin sa'a, tambaye shi asusun mai madafun iko nawa bankinsu ya ƙi buɗewa bara, sannan asusun masu ƙaramar sana'a nawa ya dakatar.